Jinjina ga Masu Tsaron Idanu a Danja

Haƙiƙa ya wajaba a yaba wa ma'aikatan asibitin kuturta na Danja, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa a 1956 a kan hanyar da ta taso daga Maraɗi zuwa Ɗan Issa, domin sun fahimci cewa bayan kashe ƙwayar cuta akwai sauran amana, wato tsare gani da gaɓoɓi.

Alhali majinyaci yana shan magungunan kuturta guda uku, rifamfisin da dafson da kilofazimin, wata 6 ko 12, jiki kan yi bore, tabbai su kumbura, jijiyoyi su yi zogi, har fatar ido ta kasa rufuwa, ido ya bushe ya yi miki mai shi bai ji ba. A nan hikimarsu take bayyana, gama sukan lura da ƙiftawa, su gwada ƙarfin fatar ido, su ba da firednisolon da gaggawa, su yi nasiha kada a yanke magani, kana su koyar da sanya tabarau saboda ƙurar hunturu, da lulluɓe ido lokacin barci.

Wanda yatsunsa suka daina ji, idonsa ne jagoransa, mai tsare masa shi kuwa ya cancanci addu'ar al'umma.