Sannunku da Aiki, Masu Raya Tsohon Jirgi

Mu mutanen Deule ba mu san teku ba, amma mun san darajar mai raya tsohon abu. Shi ya sa labarin jirgin yaƙi Unicorn ya shiga raina. A 1824 aka gama ƙera shi da katako a Chatham ta Ingila, irin jiragen da iska ke turawa. Bai taɓa ganin yaƙi ba, rufi aka yi masa aka ajiye. A 1873 aka ja shi zuwa Dundee, cikinsa ya zama makaranta. Nan sojojin ruwa na ko-ta-kwana suka riƙa koyon harba igwa, har 1968. Kafintocin da suka yi ta lallaɓa katakonsa, Allah ya saka muku. Yana bisa ruwa har yau.