Fushin da Ya Rasa Mafita: Tarken Littafin Al'ummar Gajiya na Byung-Chul Han

Tsakure

Wannan maƙala tarke ce a kan littafin Al'ummar Gajiya na masanin falsafa Byung-Chul Han. Ta yarda da marubucin cewa akwai alaƙa tsakanin fushin da aka danne da ciwon damuwar da ke addabar ma'aikatan wannan zamani. Ta saɓa masa a kan da'awarsa cewa ma'aikacin yau shi ne mai zaluntar kansa. An auna littafin da bayanin Imam Al-Gazali game da fushi, da kuma shari'ar kamfanin France Télécom da aka yanke a Faransa a 2019.

Gabatarwa

A shekarar 2010 aka buga wani ɗan littafi a birnin Berlin da harshen Jamusanci mai suna Müdigkeitsgesellschaft, ma'ana Al'ummar Gajiya. An haifi marubucinsa a birnin Seoul na Koriya ta Kudu a 1959, daga baya ya koma Jamus ya karanci falsafa, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Freiburg a 1994. Littafin bai kai shafi ɗari ba, amma an fassara shi zuwa harsuna da dama, fassarar Ingilishi kuma ta fito a 2015.

Mas'alar da ya taɓo ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa ana asarar ranakun aiki kimanin biliyan 12 kowace shekara saboda ciwon damuwa da fargaba. Tun a 2019 hukumar ta ambaci ƙarewar kuzari a wurin aiki cikin kundinta na cututtuka, sai dai ta ɗauke ta a matsayin lamarin da yanayin aiki ke haifarwa, ba cuta mai zaman kanta ba. Abin tambaya shi ne: ina wannan nauyi ya fito, kuma alhakinsa a wuyan wa yake?

Abin da Littafin Ya Ƙunsa

Han ya gina hujjarsa a kan bambanta al'ummomi biyu. Ta farko ita ce al'ummar horo da Michel Foucault ya siffanta, ta masana'anta da barikin soja da gidan yari, inda ake tafiyar da mutum da umarni da hani. Ta biyu ita ce al'ummar ƙwazo, ta dogayen ofisoshi da bankuna da wuraren motsa jiki, inda ake nuna wa mutum cewa babu abin da ya fi ƙarfinsa muddin ya dage. A ta farko wanda ya ƙi bin doka yakan zama mai laifi ko a kira shi mahaukaci. A ta biyu wanda ya kasa cim ma buri yakan ɗauki kansa maras amfani, ya faɗa cikin damuwa.

Daga nan marubucin ya fitar da natijarsa. Tun da babu wani shugaba na zahiri da ke tilasta wa mutum, shi ne ke kora kansa, yana aiki dare da rana yana zaton 'yanci yake mora. Ya zama maigida kuma bawa a jiki ɗaya. Idan ya gaza ba shi da wanda zai zarga sai kansa. Ciwon damuwa, a fahimtar Han, raunin da mutum ke samu ne a yaƙin da yake yi da kansa.

A babin da ya yi magana kan koyon gani da natsuwa, Han ya bambanta fushi na gaske da ɓacin rai. Fushi yana iya dakatar da halin da ake ciki, ya tuhumi tsarin gaba ɗayansa, ya buɗe ƙofar sabon hali. Ɓacin rai kuwa gunaguni ne a kan ƙananan abubuwa, ba ya canza komai. A ganinsa gaggawar rayuwar zamani ba ta barin lokacin da fushi zai nuna, don haka mutane suka koma masu yawan tsaki da ƙorafi. Wannan shi ne wuri mafi ƙarfi a littafin, domin yana fassara abin da ake gani a zahiri: ma'aikacin da ya wuni yana murmushi a ofis, ya dawo gida yana daka wa 'ya'yansa tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da Al-Gazali Ya Riga Ya Gani

Ra'ayin cewa damuwa fushi ne da ya juyo kan mai shi ana yawan jingina shi ga Sigmund Freud. A maƙalarsa ta 1917 kan makoki da baƙin ciki mai tsanani, Freud ya nuna cewa zargin da majinyaci ke yi wa kansa asalinsa zargi ne ga wani da yake ƙauna, sai ya karkato da shi kansa. Amma shekaru ɗari takwas kafin haka Imam Abu Hamid Al-Gazali, Allah Ya yi masa rahama, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, daidai da 1111 Miladiyya, ya yi bayanin da ya fi wannan dacewa da wurin aiki.

A littafin zargin fushi da ƙulli da hassada, cikin rubu'in halaye masu halakarwa na Ihya'u Ulumiddin, Al-Gazali ya kasa fushi gwargwadon matsayin wanda aka yi wa. Idan mutum ya fusata da na ƙasa da shi, yana jin zai iya ramawa, jini yakan bazu fuska ta yi ja. Idan ya fusata da na sama da shi, ya kuma yanke ƙaunar ramuwa, jini yakan ƙanƙance ya koma cikin zuciya, launin fuska ya koɗe, fushin ya rikiɗe ya zama baƙin ciki. Idan da tsaransa ne, yana shakkar wa zai yi rinjaye, sai ya riƙa kaiwa da komowa tsakanin biyun. A wani wurin ya ƙara da cewa fushin da aka haɗiye don rashin iko yakan taru a ciki ya zama ƙulli.

Maganar bazuwar jini da ƙanƙancewarsa ta likitancin wancan zamani ce, ba za a kafa hujja da ita a asibitin yau ba. Abin riƙewa shi ne lurar da ke ƙarƙashinta: abin da ke mayar da fushi baƙin ciki shi ne fifikon iko haɗe da yanke ƙauna. Wato Al-Gazali ya ajiye wanda aka fusata da shi a tsakiyar bayaninsa, alhali Han ya share shi.

Binciken zamani ya fi goyon bayan Al-Gazali a wannan gaɓa. A 1979 Robert Karasek ya nuna cewa aikin da ya fi cutar da mai yin sa shi ne wanda buƙatunsa suka yi yawa, ikon ma'aikaci na yanke shawara kuma ya yi kaɗan. Binciken Whitehall na biyu, wanda Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 a kan ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a Landan, ya gano cewa ƙarancin iko a kan aiki yana tafiya tare da yawaitar ciwon zuciya da matsalolin ƙwaƙwalwa. Da a ce yawan 'yanci ne tushen ciwon, da manyan daraktoci ne za su fi kowa kwanciya. Abin da aka samu akasin haka ne: na ƙasa sun fi shan wahala.

Haka nan Arlie Hochschild, a littafinta na 1983 kan ma'aikatan cikin jirgin sama na kamfanin Delta a Amurka, ta bayyana yadda ake koya musu su kalli fasinja mai cin mutunci kamar yaron da ya tsorata, don kada fushinsu ya fito fili. Danne fushi a nan sharaɗi ne na aiki, kamfani ne ya tsara shi, kamfani ne kuma ke cin ribarsa.

Maigidan da Ya Ɓace daga Littafin

Abin da ya fi tona raunin littafin ya faru ne a maƙwabciyar Jamus, daidai lokacin da ake rubuta shi. Kamfanin sadarwa na France Télécom, wanda yanzu ake kira Orange, ya tsara rage ma'aikata 22,000 tsakanin 2006 da 2008. Da yawansu suna da matsayin ma'aikatan gwamnati, doka ba ta yarda a sallame su cikin sauƙi ba. Sai shugabanni suka ɗauki hanyar ƙuntata musu har su tafi don kansu: sauyin wurin aiki na dole, mayar da ƙwararren injiniya mai amsa waya, barin mutum babu aikin yi, da matsa wa manajoji su cika adadin waɗanda za su bar aiki. A 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu, wasu sun bar wasiƙu suna ɗora wa kamfanin laifi.

A watan Disamba na 2019 wata kotu a Paris ta sami tsohon shugaban kamfanin, Didier Lombard, da wasu manyan jami'ai da laifin musgunawa da aka mayar manufar kamfani. An yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, aka jingine wata takwas daga ciki, kamfanin kuma aka ci shi tarar Yuro 75,000. Haramcin kashe kai a shari'a tabbatacce ne, amma bai ɗauke alhakin wanda ya kora mutum har bakin rami ba.

Da a ce an karanta wannan lamari da idon Han kaɗai, da sai a ce mutanen nan buri ne ya cinye su. Kotu kuwa ta sami tsari rubutacce, da adadi, da sunayen waɗanda suka zartar. Maigida yana nan bai ɓace ba, sai dai ya koma bayan jadawali da ma'aunin ƙwazo. Littafin da ya ce wa ma'aikaci kai ne azzalumin kanka, ko da da niyyar tausayi ya faɗa, ƙara masa kaya ya yi, ya kuma wanke wanda ya ɗora kayan.

Haɗiye Fushi Iri Biyu

A nan ne tarken ya shafi masu wa'azi da masu ba da shawara. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 134 ta Suratu Ali Imrana, ya yabi masu haɗiye fushi da masu yafe wa mutane. Sai dai malamai sun bambanta haɗiyewar mai iko, wanda zai iya zartar da fushinsa ya bari don Allah, da shirun wanda aka rufe wa baki. Ta farko ɗaukaka ce, tana kuma sanyaya zuciya. Ta biyu ita ce Al-Gazali ya ce tana haifar da ƙulli da baƙin ciki. Bai taɓa kira a kashe fushi ba, hasali ma ya zargi rashinsa kamar yadda ya zargi wuce gona da iri a cikinsa, ya nemi a tsayar da shi a tsakiya ƙarƙashin umarnin hankali da addini.

Shari'a kuma ta buɗe wa fushin wanda aka zalunta ƙofa. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta halatta masa bayyana abin da aka yi masa. Hadisin Abu Zarr da ke cikin Buhari da Muslim ya hana a ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma yi umarni da a taimake shi idan an ɗora. Hadisi ƙudusi a Buhari ya lissafa wanda ya ci gumin ɗan ƙodago ya hana shi ladansa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Saboda haka wanda ya ce wa ma'aikacin da aka danne ya yi haƙuri, bai juya ya ce wa shugabansa ya ji tsoron Allah ba, rabin nasiha ya yi.

Wannan ma'auni ne littafin Han ya rasa. Ya yi kukan ɓacewar fushi, amma bai faɗi a kan wa ya kamata a yi shi ba, ko iyakarsa, ko hanyar da zai bi ya zama gyara. Maganin da ya kawo a ƙarshe shi ne natsuwa, da wata gajiya mai haɗa zukata wadda ya aro daga marubuci Peter Handke, da ranar hutu irin ta Asabar. Wannan yana da kyau ga malamin jami'a mai iko da lokacinsa. Mai amsa waya da ake ƙirga masa daƙiƙoƙi ba zai sami inda zai ajiye shi ba.

Akwai kuma wata iyaka da ta hau kan Han da Freud baki ɗaya. Ba kowane ciwon damuwa ne fushi ya haifa ba. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya bambanta a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauka babu sanannen dalili, wanda ya danganta da jiki ya ce yana buƙatar maganin jiki. Mai wannan nau'i likita yake buƙata, jinkirta kai shi asibiti da sunan falsafa ko da sunan nasiha cutarwa ce.

Kammalawa

Al'ummar Gajiya littafi ne da ya cancanci ɗaliban ilimin tarbiyya su karanta, domin ya siffanta yadda mutum ke shanye umarnin kasuwa har ya zaci muryar zuciyarsa ce. Kuskurensa shi ne ɗaukar halin wani rukuni na ma'aikatan ofis a Turai ya mai da shi hukunci a kan zamani gaba ɗaya, da kuma mantawa cewa baƙin cikin na ƙasa yakan kasance yana da mai shi a sama. Mai son fahimtar ma'aikacin da ya yi shiru bayan ya daɗe yana ƙorafi, ya fara da tambayar da bayanin Al-Gazali ke nunawa: da wa ya fusata, kuma yaushe ya yanke ƙaunar a saurare shi? Allah ne mafi sani.