Jinjina ga Masu Auna Hasken Naitirojin

Masanan Jami'ar Kolorado ta Amurka, waɗanda suka ƙera na'urar GOLD da aka harba sama a watan Janairun 2018, sun cancanci jinjina, domin sun mai da hasken da ido ba ya gani ma'aunin zafi. Wannan haske, da ake kira altarabayolet, iskar naitirojin ce ke fitar da shi a ƙololuwar samaniya, kimanin kilomita 150 daga doron ƙasa, idan ƙarfin rana ya zaburar da ƙwayoyinta, kuma daga yanayinsa ake gane ɗumin wurin, wanda sauyinsa ke shafar tafiyar taurarin ɗan'adam. Aiki ne mai bukatar haƙuri da zurfin ilimi, kuma sun ba shi haƙƙinsa.