Sharuɗɗan Mallakar Makamin Tsafi a Littattafan Yaƙi na Hausa: Ma'aunin Mai Karatu na Jega da Aliero da Maiyama

1.0 Gabatarwa

Bayan da marubuta matasa suka soma buga littattafansu da kansu a Kano a shekarun 1980, sai aka sami wani reshe na ƙagaggun labarai wanda masu sayarwa da masu saye suke kira littattafan yaƙi. Akan fitar da labari guda kashi-kashi, na ɗaya har zuwa na huɗu ko fiye, kuma sunan da ya fi fitowa a wannan fage shi ne na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Manazarta sun fi karkata ga littattafan soyayya, watakila don su ne suka jawo gardama, aka bar na yaƙi sai ka ce ba su cancanci nazari ba. Alhali kuwa sun kai kasuwanni irin ta Jega, daga bisani kuma aka riƙa karanta su da murya ana saurare a wayar hannu, har wanda bai iya boko ba ya sami rabonsa.

Mai karanta waɗannan littattafai zai lura cewa sau da yawa jigon ya rataya ne a kan neman wani makami: takobi, ko mashi, ko sulke, ko zobe. A wannan maƙala za mu duba ƙa'idojin da ake bi kafin tauraro ya mallaki irin wannan makami. Ra'ayinmu shi ne, a tunanin Bahaushe makamin tsafi tamkar bashi yake, akwai mai bayarwa, akwai sharaɗi, akwai ranar biya. Marubucin da ya manta da sharaɗin, kome yawan dodannin da ya jera a hanya, ya zubar da abin da ke riƙe labarinsa.

2.0 Abin da mai karatu ya riga ya sani

Kafin mu tsunduma cikin littattafan, ya kamata mu tambayi kanmu, da wane ma'auni mai karatu yake auna su? Yaron da ya tashi a Jega, ko Aliero, ko ƙauyukan Maiyama irin su Andarai da Mungadi, ba a takarda ya fara jin zancen maganin ƙarfe ba. Ya ga 'yan tauri suna wasa da wuƙa ana yi musu kiɗa da kirari. Ya ga mafarauta da guru da kambu da layu. Ya ji sunan baduhu da layar zana da sagau da kau-da-bara. Ba aikinmu ba ne a nan mu yi hukunci a kan ko waɗannan abubuwa suna ci ko ba su ci. Wannan fagen malamai ne da likitoci. Tsarin da al'umma ta gina a kansu shi ne ya dame mu, domin shi mai karatu yake ɗauke da shi zuwa ga littafi.

Tsarin kuwa sananne ne. Ba a tsintar lakani a hanya. Ko dai mutum ya gaje shi, ko ya yi wa mai shi hidima har ya yarda da shi, ko ya biya abin da aka yanka masa, don banza ba ta kai zomo kasuwa. In an ba shi, sai a gindaya masa sharaɗi: wani a hana shi wani abinci, wani a hana shi kusantar matar da ba tasa ba, wani a ce kada ya shiga wuri kaza da layar a jikinsa. Ranar da ya karya, maganin ya karye. Bugu da ƙari, kowane asiri da makarinsa. Mutane sukan ce ɗan tauri ƙarfe ya sha wa magani, bai sha wa gora ba. Ko a sana'ar ɗori, wadda Aliero ta yi suna a kanta, a gida ake gadon ta, kuma jama'a ba su ɗauki kallo kaɗai a matsayin izni ba. Watau dai ƙarfi na ɓoye, a idon mutanen nan, abu ne mai asali, mai farashi, mai iyaka.

Tarihin yankin ya ƙara wani darasi a kan wannan. Garin Jega, Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa shi wajen 1820, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'ar mahaifinsa a Gimbana a 1803 yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804. A wannan shekara, a Tabkin Kwatto, jama'ar da galibinta 'yan baka ne masu tafiya a ƙasa ta kori rundunar da ta fi ta dawaki da kayan yaƙi. Shi kansa Muhammadu Kanta, wanda ya gagari Songhai da Barno a ƙarni na 16, ruwaya ta ce kibiya ce ta yi ajalinsa a ƙasar Katsina, yana kan hanyar komowa daga yaƙi. Wanda ya tashi da irin waɗannan labarai ba zai yi saurin yarda cewa akwai makamin da ya fi ƙarfin kome ba.

3.0 Abin da magabata suka bari

A labaran gargajiya abin a fili yake. Bayajida bai tsinci wuƙarsa ba, maƙeran Gaya ya je suka ƙera masa, sa'an nan ya sare macijiyar Kusugu a Daura. A Katsina, ruwaya ta ce Sanau ba ya kayuwa a kokawa saboda wata laya da yake ɗaurawa, sai da aka bi ta hannun matarsa aka raba shi da ita, sa'an nan Korau ya kā da shi ya yanka shi da takobin da ake kira Gajere, wanda ya zama ɗaya daga kayan sarautar Katsina. A lura, mai ba da labarin bai ɓata lokaci wajen kwatanta ƙarfin layar ba. Hankalinsa yana kan ƙofar da za a bi a karya ta. Haka yake a ƙasar Mali: Sumanguru Kante ƙarfe ba ya kama shi, sai da 'yar'uwar Sunjata ta tatso sirrinsa, aka harbe shi da kibiya mai ƙahon ƙafar zakara a yaƙin Kirina wajen 1235.

Ta ɓangaren Larabawa, wanda labaransu suka shigo mana ta hannun malamai da kuma fassara irin ta Dare Dubu da Ɗaya ta 1924, misalin da ya fi gamsar da mu yana cikin Sirar Saifu bin Zi Yazan. Saifu ya isa taskar Samu ɗan Annabi Nuhu, inda aka ajiye masa takobi da wani allo mai juya aljani Airud tun kafin a haife shi. Ƙofa ba ta buɗuwa sai ya faɗi nasabarsa. Wannan shi ne gado. An gargaɗe shi kada ya buɗe fuskar mamacin da ke kwance a ciki. Wannan shi ne sharaɗi. Ya kasa daurewa ya buɗe, ya kuwa sha wuya a kan haka. Daga baya mahaifiyarsa Kamariyya ta yaudare shi ta karɓe allon ta juya aljanin a kansa. Mai hikayar ya ba tauraronsa abin da ya fi ƙarfin kowa, amma a daidai lokacin ya nuna mana hanyoyi biyu da zai iya rasa shi, ɗaya ta rashin haƙurinsa, ɗaya ta yawan yardarsa. Daga nan duk inda Saifu ya sa ƙafa, zuciyar mai sauraro tana ɗar-ɗar.

A rubutaccen adabinmu na boko, littafin da ya fi kiyaye wannan tsari shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a farkon shekarun 1950. An san cewa tushensa labarin wani sadaukin Rasha ne mai suna Iliya Muromets, kuma wasu sukan ɗauki wannan a matsayin naƙasu. Mu a ganinmu zaɓen ya nuna basira, don labarin ya zo da ƙa'idojin da Bahaushe ya riga ya sani. Iliya gurgu ne shekara da shekaru, baƙi ne suka zo suka warkar da shi, ƙarfinsa kyauta ce da aka ba shi yana kwance. A asalin labarin, baƙin sun lissafa masa sadaukan da ba zai yi faɗa da su ba. Takobin da ya mallaka daga baya na wani ƙaton sadauki ne da akwatin gawa ya rufe da shi, ya bar masa gado a bakin mutuwa, ya kuma hura masa ƙarfinsa. Iliya ya karɓi wani sashe ya ƙi sauran, don ya san ya wuce abin da jikin mutum zai ɗauka. Sadaukin da ya ce "ya isa" ana miƙa masa ƙari, ba kasafai muke gamuwa da shi a littattafan yau ba.

4.0 Littattafan yaƙi

Zubin da ya fi yawa a waɗannan littattafai ba baƙo ba ne ga kowa a wannan zaure. Wani azzalumin sarki yana son ya mallaki duniya. Bokansa ya duba madubin tsafi, ya ce buƙata ba za ta biya ba sai an samo wani takobi da ke ajiye a wani kogo, tafiyar shekaru masu yawa, a ratsa dazuzzuka masu mugayen aljanu. Sadaukai su ɗunguma. A nan dole mu yaba: marubutan sun iya tafiya, sun iya fasalta artabu, sun iya yanke kashi a daidai inda mai karatu zai koma kasuwa neman na gaba. Sun kuma riƙe ƙa'ida ɗaya daga cikin na gargajiya, watau wahala. Ba wanda yake samun makami a zaune.

To amma wahalar hanya farashin zuwa ne kurum. Da zarar makamin ya shiga hannu, a mafi yawan abin da muka karanta, ba a jin wani sharaɗi da ke biye da shi. Ba abin da aka hana mai shi, ba abin da riƙonsa yake ci a jikinsa ko a halinsa. Illar wannan ba ta bayyana a kashi na ɗaya, sai a na uku. Tunda takobin ba shi da makari, marubuci ba shi da yadda zai sake jefa tauraronsa cikin haɗari sai ya ƙirƙiro wani makamin da ya fi shi, da wani bokan da ya fi na farko, da runduna mai ninkin ta baya. Alƙaluma su yi ta hawa, dubu ta zama dubu dubu, tsoron mai karatu kuwa ya yi ta sauka. Mun sha jin masu sauraro suna cewa labari "ya yi ƙarya da yawa". Ba aljanun suke nufi ba, don sun karɓi aljanun tun shafin farko. Nufinsu marubucin ya kafa doka ya taka, ko kuwa bai kafa ba sam.

Akwai wata matsala da ta fi wannan zurfi, kuma a nan ne muke ganin ya kamata a yi wa marubutan adalci, don ba sakaci ne ya haife ta ba. Marubucin Musulmi ne, masu karatunsa Musulmi ne, ba zai yiwu ya bar tsafi ya yi nasara ba. Saboda haka a ƙarshe sai a ga wani jarumi mai imani ya fito, ya yi kabbara, sihirin ya warware, sarki da jama'arsa su musulunta. Ta fuskar aƙida ba mu da ta cewa. Ta fuskar zubi kuwa, an sa mai karatu ya bi kashi uku yana neman abin da kashi na huɗu zai ce masa ba shi da amfani. In ba a shuka wannan tun farko ba, sai ya zama kamar an sauko da mafita daga sama don takarda ta ƙare. Gandoki na Bello Kagara, na 1934, bai faɗa wannan rami ba, domin tun daga farko an nuna mana da sunan addini tauraron yake yaƙi, da Turawa ne ko da aljanu, mai karatu bai taɓa zaton wani ƙarfe ne madogararsa ba.

Maganin abin yana cikin taskar da marubutan suke ɗiba. Zulfiƙari, takobin da ya fi kowane suna a wurin Musulmi, ganima ce ta yaƙin Badar a 624, daga baya ya koma hannun Sayyidina Ali, kuma darajarsa daga wanda ya bayar da wanda ya riƙe ta samo asali. Akwai kuma hikayar Samsama, takobin Amru bin Ma'adi Karib. An ce Halifa Umar ya aika a kawo masa shi saboda sunan da ya yi, da ya gwada sai ya ga bai kai yadda ake faɗa ba, Amru ya amsa cewa takobin ya aiko, bai aiko da damtsen da ke sara da shi ba. Marubucin da ya ɗauki wannan hanya zai iya barin matsafa su yi ta neman makaminsu, amma ya sa boka ya faɗi sharaɗin a kashi na ɗaya, a gaban kowa: takobin ba ya zama a hannun wanda ya ci amana, alal misali, ko kuwa duk saran da aka yi da shi yana rage kwanan mai shi. Sa'an nan ya bar halin sarkin, zaluncinsa da haɗamarsa, su kai shi ga karya sharaɗin da hannunsa. In jarumi mai imani ya iso a kashi na huɗu, zai tarar da asirin ya riga ya tsage ta inda aka ce zai tsage, kuma mai sauraro a Jega, wanda ya san yadda laya take karyewa, zai ce tun ranar da sarkin ya kashe wazirinsa ya san za a yi haka.