Jinjina ga Matuƙan Binuwai

A da, kafin jirgi ya baro Garwa ko Yola da gyaɗa da auduga, matuƙi ya gama tafiyar a ransa. Binuwai ba ta ɗaukar babban jirgi sai damina ta yi nisa, wanda ya makara yashi ya riƙe shi. A goshin jirgi, wani na ta tsoma gora yana auna zurfi. Da an wuce Lakwaja an doshi tashar Burutu, sai lissafi ya sake: can teku kan cika ta janye sau biyu a rana, dole a jira cikarta. Da haƙurin matuƙan nan amfanin gonarmu ya kai bakin teku. Allah ya saka musu da alheri.