Tsakanin Ƙwallo da Mishan: Wane Gem Ne RPG a Ketu da Agege?

A gidajen gem na unguwannin Hausawa a Legas, tun daga bakin kasuwar Mile 12 da ke Ketu har zuwa lungunan Agege, wasanni kashi uku ne a bakin samari. Akwai ƙwallo, wato PES da FIFA, kuma ita ke ciyar da mai shago. Akwai faɗa, irin su Mortal Kombat. Duk abin da ya rage, muddin akwai akta da bos da labari a ciki, sunansa mishan. God of War mishan ne, GTA mishan ne, Resident Evil ma haka. Rabon yana biyan buƙata, domin abin da mai shago ke son sani bai wuce ko wasan na mutum biyu ne ko na mutum ɗaya ba, da kuma tsawon lokacin da za a riƙe masa kujera.

Masu ƙera wasannin ba haka suke kasa su ba. A cikin abin da Ketu ke kira mishan akwai wani dangi da ake kira RPG, wanda ɗan wasa ke shiga rigar wani jarumi ya raine shi tun yana ba kowa ba har ya zama abin tsoro. An daɗe ana gardama a kan iyakar wannan dangi, kuma gardamar ta ƙara zafi yanzu da kusan kowane babban wasa ya aro wani abu daga gare shi.

Asalin abin a kan tebur yake, ba a talabijin ba. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons. Mutane kan zauna su kewaye mai ba da labari, kowa riƙe da takardar da aka rubuta halin jaruminsa da lambobi: ƙarfinsa kaza, basirarsa kaza, lafiyarsa kaza. In jarumi zai sari dodo, sai a jefa dayis irin na lido, a haɗa abin da ya fito da lambar da ke takarda, a ga ko sara ya kama. In ya yi nasara, a ƙara masa maki, makin su taru ya hau mataki. Abin lura a nan shi ne, ƙarfin damtsen mai wasa ko saurin yatsunsa ba su shiga lissafi ko kaɗan. Ƙato da ɗan yaro in suka riƙe takarda ɗaya, ƙarfinsu ɗaya.

Kwamfuta ta karɓi aikin jefa dayis da riƙe lissafi a wasanni irin su Ultima da Wizardry, dukansu na 1981. Amma wanda ya shigo da RPG falon gida shi ne Yuji Horii na Japan, da Dragon Quest a 1986, a kan na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo. Hannun gem ɗin Famicom maɓallan aiki biyu kawai gare shi, don haka Horii ya mayar da komai zaɓi daga jeri: ka kai hari, ka yi tsafi, ka sha magani, ko ka gudu. Akira Toriyama, mai zanen Dragon Ball, shi ya zana dodannin. Final Fantasy na kamfanin Square ya biyo baya a 1987. Da Dragon Quest na uku ya fito a 1988, sai da yara a Japan suka riƙa gudun makaranta don bin layin saye.

Na'urorin da suka cika kasuwannin Najeriya a shekarun 1990 kwaikwayon wannan Famicom ɗin ne, da kaset ɗinsu masu alkawarin dubban wasanni alhali kaɗan ne ake ta maimaitawa. Mario da Contra da harbin agwagwa suka iso. Dragon Quest bai zama abin da yara suka sani ba.

To, da me za a gane RPG? Takobi da dodo ba shaida ba ne, tsawon labari ma haka. Gwaji mafi sauƙi shi ne a karɓe hannun gem daga gwani a miƙa wa ɗan koyo. A Mortal Kombat, ɗan koyo zai sha kashi nan take ko da wane jarumi ya ɗauka, domin gwanintar tana yatsun wanda aka karɓe wa. A Final Fantasy VII na 1997, in gwani ya shafe makonni yana rainon jarumin wasan, Cloud, har ya kai mataki mai tsawo, ƙanensa da bai taɓa wasan ba zai iya danna maɓalli ɗaya ya kashe dodon da ya gagari yayan a farkon tafiya. Ƙarfin ya tashi daga hannu ya koma cikin jarumin, an rubuta shi, an adana. Abin ya fi kama da kiwon ragon layya: dusa da harawar da aka zuba masa wata da watanni suna jikinsa, ko wa ya ja igiyarsa zuwa kasuwa.

Akwai gwaji na biyu da ke bin na farko. In mutum biyu suka yi wasa ɗaya suka kai wuri ɗaya, shin jarumansu za su iya bambanta? A Skyrim na 2011, wani zai iso da maharbi mai sanɗa, wani da boka mai jifa da wuta, wani da ƙaton da bai san komai ba sai gatari, kuma kowannensu abin da ya yawaita yi ne ya ƙware a kai.

Da waɗannan biyun za a iya yanke wa The Legend of Zelda hukunci, wasan da aka fi jayayya a kansa tun fitowarsa a 1986. Yana da takobi, da gimbiya, da kogunan dodanni, ga shi jarumin, Link, yana ƙara lafiya in ya tsinci zuciya. Amma Link ba ya tara maki daga yaƙi. Ya kashe dodo ɗari ko ya kewaye su, saransa ɗaya ne sai in ya samo sabon takobi. Zelda na biyu, na 1987, shi ne ya gwada tsarin maki da matakai, kuma Nintendo ba ta sake bin wannan hanya a manyan wasannin jerin ba. Zelda wasan bincike ne da warware dabaru, kuma wannan bai rage masa daraja ba.

God of War na 2005, wanda ya yi sarauta a kan PlayStation 2 a gidajen gem, shi ma bai tsallake gwajin ba. Gaskiya ne jarumin, Kratos, yana tara jajayen ƙwallaye ya ƙara wa sarƙoƙinsa ƙarfi, amma Kratos ɗin kowa wuri ɗaya yake dosa, kuma wanda bai iya kaucewa da tarewa ba zai mutu ko an cika masa komai. Sai a 2018, da aka kai Kratos ƙasar gumakan arewacin Turai, aka ɗora masa sulke mai lambobi, aka ba abokan gaba matakai. Assassin's Creed ya riga shi da shekara guda: a Origins na 2017, wanda aka gina a tsohuwar Masar, sojan da ya fi jarumin, Bayek, mataki sosai ba ya mutuwa ko an soke shi ta baya. Tsofaffin masoya jerin sun yi ƙorafi a kan haka, kuma ƙorafin nasu shi ne hujja mafi ƙarfi cewa wasan ya sauya dangi, tunda lamba ta fi wuƙa iko.

Wasu masana sukan ce duk wannan lissafi ne kawai, ainihin RPG shi ne zaɓi: ka yafe wa maƙiyi ko ka kashe shi, labari ya karkata. Suna kafa hujja da Mass Effect na 2007, da The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt Red na Poland a 2015, da Baldur's Gate 3 na Larian na Beljiyam, wanda ya ci kyautar gwarzon wasa na 2023 kuma har dayis mai fuska ashirin yake jefawa a kan allo. Magana ce mai daɗin ji, sai dai in aka bi ta za a kori Dragon Quest da yawancin Final Fantasy daga gidan da su suka gina, domin labarinsu a miƙe yake, ba a tambayar ra'ayinka sai jefi-jefi. Zaɓi ado ne mai tsada a jikin RPG, amma akwai RPG kafin a ɗinka shi.

Elden Ring na 2022 ya fi kowa wahalar hukunci. Yana buƙatar yatsu masu kaifi kamar wasan faɗa, har akwai gwanayen da ke gama shi ba tare da hawa mataki ko ɗaya ba. Amma ga sauran jama'a, in bos ya gagara, hanya a buɗe take: a koma daji a tara maki, a ƙara lafiya da ƙarfi, a dawo. Tunda haƙuri na iya maye gurbin gwaninta, ya shiga dangin RPG.

Dalilin da ya sa wannan dangi bai yi saiwa a Ketu da Agege ba, ba rashin ɗanɗano ba ne. Tsarin gidan gem ne bai yarda da shi ba. Ana biya ne a kan wasa ɗaya ko 'yan mintoci, sau da yawa wanda aka ci shi ke biya, ga layi a baya. Final Fantasy VII faifai uku ne kuma yana cin awa arba'in ko fiye. Yaron da ya wuni yana sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa daga motocin Arewa a Mile 12, ko yake taya mahauta aiki a mayankar Oko-Oba, sa'a guda yake da ita kafin barci, kuma ya fi son ya kashe ta yana cin abokinsa uku da nema a gaban jama'a. RPG kuma ba ya yiwuwa sai da memori, ɗan katin nan mai megabayit 8 na PlayStation 2, wanda a shago na kowa ne, kowa na iya goge na wani. A ɗauke wuta kafin a ta da janareta, wahalar yini ta tafi. Sannan ga karatu: RPG Turanci ne shafi bayan shafi, alhali faifan Winning Eleven, wato PES, da ke fitowa daga kasuwar Alaba wani lokaci da Japananci suke zuwa, kuma ba wanda ya damu, domin ƙwallo ba ta buƙatar tafinta.

Duk da haka RPG ya shigo, ta ƙofar baya. GTA: San Andreas na 2004 cike yake da kayansa. In jarumin, CJ, ya yawaita cin kaza a shagon abinci sai ya yi teɓa, in ya je ɗaga ƙarfe ya murɗe, in ya yawaita nutso numfashinsa ya ƙaru, in ya daɗe da bindiga ɗaya ya kai matakin riƙe biyu. Sai dai a gidan gem, takardar da aka fi daraja ita ce wadda aka rubuta lambobin sirri na cika lafiya da makamai da kuɗi, kuma da zarar an danna su, batun raino ya ƙare. Rockstar, mai GTA, ma ta cire yawancin wannan tsari a GTA IV na 2008.

Wanda ya fi kusa da zuciyar RPG a cikin abin da unguwa ta sani shi ne Master League na PES. Ana farawa ne a ƙaramin rukuni da 'yan wasan ƙage marasa kataɓus, irin su Castolo da Minanda, sunayen da duk tsohon ɗan gem zai yi murmushi in ya ji. Ana cin wasa a tara maki, a biya albashi, a sayo ɗan wasa ɗaya mai kyau, yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya girma lambobinsa su hau, tsoho ya ja baya ya yi ritaya. Kulob ɗin mutum biyu ba sa taɓa zama ɗaya bayan kaka biyar. Wanda ya taɓa kuka don an goge masa Master League ya riga ya san abin da mai Final Fantasy ke ji. Ba za a kira shi cikakken RPG ba, tunda da zarar an busa usur yatsu ne ke magana, amma ya fi God of War na 2005 cancantar sunan nesa ba kusa ba. Japanawa ma sun taɓa kai abin ƙarshe: a wasan ƙwallo na Captain Tsubasa na kamfanin Tecmo a 1988, wasa kan tsaya cak ɗan wasa ya zaɓi bugu ko yanka ko miƙawa daga jeri, lambobi su yanke hukunci.

Daga Afirka, misalin RPG da ya fi fitowa fili shi ne Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wanda Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o Games suka yi a Yawunde ta Kamaru, ya fito a kan kwamfuta a 2016, da labarin sarki da sarauniyar da aka yi wa juyin mulki ranar aurensu. Tales of Kenzera: Zau na 2024, aikin Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Birtaniya mai tushe a Kenya wanda shi ne muryar Bayek a Origins, ya fi karkata ga tsalle da faɗa duk da bishiyar ƙwarewar da ke cikinsa. Kamfanonin Legas kuwa, irin su Maliyo Games, wayar hannu suka fuskanta, inda kasuwar take.

Ita kanta ƙwallon ta sauya. A 2021 Konami ta mayar da PES eFootball, ta sake shi kyauta ba tare da Master League ba. A ɓangaren kamfanin EA, wanda ya rabu da sunan FIFA a 2023, abin da ya fi kawo kuɗi shi ne Ultimate Team, inda ake buɗe fakitin katuna a samu gwarzo a shirye, sau da yawa da kuɗin gaske. A 2023 ɗin ne kuma kamfanin ya ƙara wani sashe mai suna Evolutions, wanda ke barin mutum ya ɗauki ƙaramin ɗan wasa ya yi ta buga wasanni da shi har lambobinsa su hau.