Masu Shiga Tsakani: Daga Dajin Tsafe Zuwa Zirin Gaza

A ƙasar Tsafe, idan damina ta ƙarato, damuwar manomi ta wuce ta farashin taki da iri. Abin da yake son ya sani shi ne ko bana za a bar shi ya taka gonarsa. A 'Yankuzo da Keta da Kizara da sauran garuruwan da suka jingina da daji, sau da yawa amsar tana hannun wani dattijo ne da za a goya a babur, ba bindiga ba sanda, ya shiga inda jami'an tsaro ba sa shiga sai da jerin motoci, ya zauna da mutanen da kowa ke gudu, ya dawo da magana. Wani limami ne, wani arɗo ne, wani tsohon dillalin shanu ne da ya san uban kowa a kara. Ba a kiran sunayensu a rediyo, hakan ma ya fi musu lafiya. Amma aikin da suke yi gwaninta ce babba, irin wadda ake ba wasu lambar yabo ta duniya saboda ita, ya kuma kamata mu san yadda ake yin ta.

Nauyin abin ba ɓoyayye ba ne. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya ƙirga mata 4,983 da aka kashe wa mazaje, da marayu 25,050, da kuɗin fansa sama da naira biliyan 3 da aka biya tsakanin 2011 da 2019. Sunan 'Yankuzo kansa ya shiga bakin duniya ne ta dalilin jagoran 'yan bindiga Ado Aleru, wanda rundunar 'yan sandan Katsina ta sa ladan naira miliyan 5 a kansa a 2020. Talakan garin bai zaɓi wannan suna ba, amma da shi yake kwana yake tashi.

Ba wai ina auna wannan rikici da na Falasɗinu a mudu ɗaya ba ne. Can al'umma ce aka raba da ƙasarta tun 1948, wani ɓangarenta kuma yake ƙarƙashin mamaya tun 1967. Nan kuwa satar shanu ce da garkuwa da mutane suka cakuɗe da tsohuwar gaba tsakanin makiyaya da manoma, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga. Sai dai duk wanda ya bi tarihin tattaunawar Isra'ila da Larabawa zai ga dabarun da dattijon Tsafe yake aiki da su, ko da bai taɓa jin sunan yarjejeniyar Oslo ba.

Farkon abin da gwani yake nema shi ne ya san wanda idan ya ce a bari za a bari. Daji ba sarki ɗaya gare shi ba. Kowace daba da kacallanta, wani yana jin maganar wani, wani kuma jira yake ya ga bayansa. Mai shiga tsakani ya san wane ne kawun wane, wane ne ya auri ƙanwar wane, wane ne aka kashe wa uba a kasuwa har yanzu bai huce ba. Sulhun da gwamnatin Abdul'aziz Yari ta ƙulla a 2016, wanda mataimakinsa Malam Ibrahim Wakkala ya jagoranta, ya rataya ne sosai a wuyan jagoran 'yan bindiga Buharin Daji. Sulhun bai yi nisa ba ya warware, a watan Maris na 2018 kuma Dogo Giɗe ya kashe Buharin, yaransa suka watsu suka zama dabobi da yawa. A zaman sulhun Masar da Isra'ila na Camp David ma, a 1978, an yi magana a kan makomar Falasɗinawa alhali babu Bafalasɗine ko ɗaya a zaman. Masar ta samu Sina'i, batun Falasɗinu ya tsaya inda yake.

Bayan sanin mutane sai haƙurin sauraro, a nan ne kuma ake gane gwani. Dattijon ba ya isa ya fara da buƙata. Zai yi sallama, ya gaisa, ya tambayi iyali da dabbobi, ya yi ta'aziyyar wanda aka rasa ko da ya san mamacin ba mutumin kirki ba ne. Idan an kawo ruwa ko nono zai sha, domin ƙin sha magana ce. Daga nan sai ya bar mai bindiga ya amayar da abin da ke cikinsa: shanun da aka kora, rugar da aka ƙone, burtalin da aka nome, ɗan'uwan da aka kama aka shiga da shi ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Wani abin gaskiya ne, wani ƙari ne, wani kuma hujja ce kawai ta kare ɓarna. Gwani ba ya musu a wannan zaman, ba kuma ya gaskata abin da bai gani ba. Iyakarsa ya ce, “Allah ya huci zuciyarka, na ji, zan kuma isar.” Washegari zai zauna a zauren hakimi ya ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da suka ce,” sannan ya saurari kukan mutanen gari da irin wannan haƙurin, su da aka kashe wa 'ya'ya a gona aka kuma sayar musu da hatsi don biyan fansa.

Haka Ralph Bunche ya yi a tsibirin Rodos a 1949. Baƙar fata ne ɗan Amurka, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora masa aikin tsayar da yaƙin Larabawa da Isra'ila. Wakilan Masar da na Isra'ila suna masauki ɗaya amma da farko ba su yarda su fuskanci juna ba, sai ya riƙa ganawa da kowane ɓangare shi kaɗai, har aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta ranar 24 ga Fabrairu. Labanan da Jodan da Siriya suka biyo baya a shekarar. A 1950 aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya, baƙar fata na farko da ya same ta. Shugaban Amurka Jimmy Carter ya ɗauki wannan hanya a Camp David da ya ga haɗa Anwar Sadat na Masar da Menachem Begin na Isra'ila a ɗaki ɗaya faɗa kawai yake haifarwa. Sai ya raba su, ya riƙe takarda guda yana kai wa wannan yana kai wa wancan, kamar tela da ke kai riga gwaji, a rage nan a ƙara can, aka yi mata gyara sama da sau 20 cikin kwana 13.

Akwai wani sirri a cikin kai saƙon nan da ba kowa ya iya ba. Maganar da ake ba ɗan aike takan zo da zagi da barazana. Gwani yana zubar da zagin a hanya, amma ba ya taɓa sharaɗin. Idan an ce mutum 10 za a saki, ba zai ce 15 ba don ya faranta wa masu jira. Ranar da aka kama shi da ƙari ko ragi, ranar aikinsa ya ƙare, wataƙila da ransa. Jarinsa ke nan, a yarda da bakinsa a ruga a kuma yarda da shi a fada.

Sannan ba ya fara ɗaukar babban kaya. Mutanen da suka yi shekaru suna binne 'yan'uwansu ba za a ce musu su yafe wa juna yau ba. Ƙaramin abu ake nema, wanda kowa zai gani da ido cikin mako guda. Zaman sulhun da Gwamna Bello Matawalle ya buɗe a 2019, wanda kwamishinan 'yan sanda Usman Nagogo ya yi ta zirga-zirga a kansa, da irin wannan ya fara: 'yan sa-kai su saki Fulanin da suke tsare da su, 'yan bindiga su saki waɗanda suka sace, a bar Bafulatana ta shigo kasuwa da ƙwaryar nononta ba tare da fargaba ba. An samu sauƙi na watanni, mutane da yawa sun koma gidajensu. Ɗaliban makarantar Ƙanƙara da aka sace ranar 11 ga Disamba 2020, su 344 da aka sako bayan kwana 6, ta Tsafe aka fito da su, ta hanyar magana. A Gaza ma, tsagaita wutar da Katar da Masar suka ƙulla a watan Nuwamba na 2023 kwana 7 kacal ta yi, kullum ana miƙa jerin sunaye, motocin Red Cross suna ɗauko waɗanda aka saki. Mutum 105 suka fito daga hannun Hamas, Falasɗinawa 240 suka fito daga kurkukun Isra'ila, mafi yawansu mata da yara. Duk alkawarin da aka cika yau shi ke sa a yarda da na gobe.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne iya ba mutum hanyar sauka ba tare da an kunyata shi ba. Mai bindiga yana tsoron yaransa su ce ya yi laushi, hakimi yana tsoron talakawansa su ce ya sayar da su. Dole a samo lafazin da kowa zai koma gida da shi yana ɗaga kai. Musulmi yana da babban misali a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, lokacin da Suhailu bin Amr ya ƙi yarda a rubuta matsayin manzanci a takardar sulhu, Annabi (SAW) ya yarda a rubuta sunansa da na mahaifinsa kawai. Sahabbai sun ji zafin hakan, amma cikin shekara 2 aka buɗe Makka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A batun Sina'i, Masar tana son kowane taku na ƙasarta, Isra'ila tana tsoron tankoki a bakin iyakarta. Da aka gane buƙatun biyu ba kishiyoyin juna ba ne, sai aka mayar wa Masar ƙasarta aka kuma iyakance sojojin da za ta ajiye a wurin.

Sai dai mutuntawa tana da iyaka, gwani kuma ya san ta. A watan Yuli na 2022 masarautar 'Yandoton Daji ta naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani, da hujjar neman zaman lafiya. Ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnatin jihar ta dakatar da sarkin nan take. Ina fahimtar matsin da ya kai ga wannan shawara, domin mai gona a bakin daji ba ya da lokacin jiran jawabi daga Abuja. Amma rawani lada ne, uwar da aka kashe wa ɗa kuma tana kallo. Sulhun da ya manta da ita ya bar wuta a ƙarƙashin toka.

Haɗarin aikin kuwa ba a magana. Wanda Bunche ya gada, Folke Bernadotte, 'yan ƙungiyar Yahudawa ta Lehi ne suka harbe shi a Birnin Ƙudus ranar 17 ga Satumba 1948. A watan Satumba na 2025 Isra'ila ta kai hari Doha a kan wakilan Hamas, a cikin Katar, ƙasar da ke shiga tsakani. Dattijonmu na ƙauye shi ma tsakanin wuta biyu yake: a daji a ce ɗan leƙen asirin soja ne, a gari a ce infoma ne.

To me ya sa sulhu yake yawan rushewa, tunda akwai gwanaye haka? Domin mai shiga tsakani ƙofa kawai yake iya buɗewa. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci satar ɗaliban Ƙanƙara, ya miƙa makamai a Gusau a watan Fabrairu na 2021 ya rantse da Alƙur'ani, kafin wata 3 ya koma daji, a can aka kashe shi. A watan Satumba na shekarar gwamnati ta rufe kasuwanni ta katse layukan waya, zancen sulhu ya mutu. Yarjejeniyar Oslo, wadda 'yan Norway suka reno a asirce har Yasser Arafat na Falasɗinawa da Yitzhak Rabin na Isra'ila suka yi musafaha a fadar White House ranar 13 ga Satumba 1993, ta ɗage manyan batutuwa zuwa gaba: Birnin Ƙudus, 'yan gudun hijira, iyakoki, da matsugunan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna. Babu mai tilasta wa mai ƙarfi ya cika alkawari. An kashe Rabin a 1995, 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma kuma, da suke kimanin 110,000 a lokacin sa hannu, suka haura 400,000. Namu batutuwan da ake ɗagewa su ne burtali da mashaya, diyyar waɗanda aka kashe ta kowane ɓangare, karɓe makamai, da kotun da talaka zai yarda da ita. Idan ba a taɓa waɗannan ba, abin da ake kira sulhu yakan koma haraji: gari ya tara kuɗi kafin shuka, ya sake tarawa kafin girbi, wani lokaci har a tilasta masa noma gonar mai bindiga.

Saboda haka ba na ganin laifin Gwamna Dauda Lawal da ya ce tun hawansa a 2023 ba zai yi sulhu da 'yan bindiga ba, domin an sha cin amana. Amma ko gwamnati ta yarda ko ba ta yarda ba, garuruwa suna aika dattawansu daji, saboda akwai 'ya'yansu a ɗaure kuma damina ba ta jira. Roƙona ga hukuma da masarautun Tsafe da 'Yandoto da Gusau da Bunguɗu shi ne kada a bar waɗannan bayin Allah su kaɗai. A san da tafiyarsu, a kare su daga sharrin zargi, a tsaya a bayan duk alkawarin da suka ƙulla da ƙarfin da zai hukunta wanda ya karya shi, ko ɗan bindiga ne ko ɗan sa-kai. Duk ranar da za a sake zama kuma, a ajiye tabarma domin matan da aka kashe wa mazaje da marayunsu, a ji ta bakinsu kafin a yi addu'ar tashi.